Ina za ka samo majinyatan?

A ɗakin gwajin jini nake aiki a nan Katsina, kuma matasan likitoci kan kawo mani takardarsu ta neman kuɗin bincike in duba kafin su tura. Galibi kan cututtukan gado ne, kuma kusan dukkansu wuri guda suke tuntuɓe: su cika shafuka da bayanin wahalar da cutar ke jawowa. Gaskiya suka faɗa, amma mai tantancewa ya riga ya san wannan.

A hukumar NIH ta Amurka, mai ba da kuɗin binciken lafiya, masana aƙalla 3 ake ba kowace takarda, kowa ya sa mata maki daga 1 zuwa 9, kuma 1 ne mafi kyau. Da yawa daga cikin takardun ko teburin tattaunawa ba sa kaiwa. Idan cutar ba mai yawa ba ce (a Turai, wadda ba ta kama fiye da mutum 1 cikin 2,000 ba), abin da ya fi damun mai dubawa shi ne ina majinyatan suke. Ka ce za ka tara yara ɗari, to daga wane asibiti? Da wane gwaji ka tabbatar cutar ce? Idan rabinsu suka daina zuwa da damina saboda aikin gona, lissafinka zai tsaya?

A nan muke da abin da wasu ba su da shi, kuma yana ci mani rai yadda ba ma rubuta shi. Dokar Amurka ta 1983, bayan gyaran da aka yi mata a 1984, ta sa cutar da ke kama ƙasa da mutum 200,000 cikin cututtuka marasa yawa, don haka sikila a can tana cikinsu. A Nijeriya kuwa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Shi ya sa binciken kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki da maganin hydroxyurea ya yiwu a asibitin Malam Aminu Kano. Ga kuma auren zumunci, wanda ke sa cutar da ke ɓoye a jinin dangi ta bayyana ga 'ya'ya biyu ko uku a gida ɗaya. Kakar gidan za ta lissafo maka wa ya haifi wa, da wanda ya rasu a goye. Wannan salsala hujja ce, a saka ta a takarda.

Sai batun amana, wanda nake tsananta wa kowa a kansa. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 ba. Masu tantancewa za su so ganin izinin kwamitin ɗa'a, da takardar amincewa da Hausa, da inda za a ajiye jinin idan an fitar da shi waje. Ni nakan ƙara tambaya ɗaya: idan sakamako ya fito, wa zai zauna da uwa da uba ya yi masu bayani ba tare da an ɗora wa matar laifi ba? Takardar da ba ta ware kuɗin wannan zama ba, nakan mayar wa mai ita ya gyara.