Bindigar Ohayo daban, ta Kolorado daban

Bindigogin farauta biyu gare ni, kuma doka ce ta sa na sayi ta biyun. A Amurka kowace jiha ita ke yanke irin harsashin da za a harbi dabba da shi.

A Ohayo na fara farautar barewa. Sai a 2014 jihar ta halatta raifal, shi ma da sharaɗi. A yau sharaɗin shi ne: kwanson harsashin ya zama miƙaƙƙe marar wuya, faɗin harsashin daga inci .357 zuwa .50, kuma kada a ɗura fiye da guda 3. Da na tsaya a bakin wata gonar masara na hango rufin gida ta bayan itatuwa, na gane dalili. Irin wannan harsashi ba ya cin dogon zango, da wuri yake faɗuwa ƙasa. Maƙwabci ake karewa. Na ɗauki bindiga mai irin wannan harsashi, .350 Legend, ta kuwa biya mini buƙata.

Da na yi niyyar zuwa Kolorado neman elk, ƙatuwar barewar nan da namijinta kan kai kilo 300, sai lissafi ya juye. Can dabbar ake tausaya wa. Harsashi kada ya gaza inci .24 a faɗi, ya zama mai buɗewa in ya shiga jiki, nauyinsa aƙalla kimanin giram 5.5 ga elk, 4.5 ga barewa, kuma ya rage da ƙarfin bugu a nisan yadi 100. A takarda bindigata ta cika sharaɗi. Amma wani dattijon mafarauci ya ce mini a dutse dabba kan tsaya a ƙetaren kwari, nisan da harsashina zai isa a gajiye. Na sayi .30-06, bindiga mai dogon zango da kwanson harsashinta ke da wuya, wadda haramun ce a harbi barewa da ita a Ohayo.

Maganarsa ta tabbata. Elk ɗin da na samu bai yi nisa ba ya faɗi, harbi ɗaya a bayan kafaɗa. A kwarin nan kuwa mun ga sawun jini na wata dabbar da aka raunata ta ɓace, abin ya tsaya mini a rai. Ni a ganina ƙa'idar .24 ɗin ma ta yi sassauci ga dabba mai wannan girma.

Baɗi jihar Wayomin nake hari, har na fara karanta littafin dokokinsu. Su sun yarda da wasu harsasan .22 ga barewa, abin da Kolorado ta hana.