Juzu'i na biyu da ya ɓace mini

Jiya da yamma na tsaya wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titin Samaru, kusa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, inda na saba neman ƙagaggun labaran kimiyya da na duniyar almara, waɗanda akasarinsu gwanjo ne daga Ingila da Amurka. Matsalar wannan fanni ita ce marubutansa ba su cika tsayawa a littafi ɗaya ba, sai su ja labari zuwa juzu'i uku ko fiye, shi kuwa ɗan gwanjo abin da dila ta kawo masa shi yake sayarwa. Shekara biyu ke nan ina riƙe da juzu'i na ɗaya da na uku na wani labari, na tsakiyar ya gagara.

Da na hango shi ƙarƙashin tarin littattafan lissafi, bangonsa ya koɗe, gefensa duk ƙurar hunturu, sai na kasa ɓoye murnata, kuma nan na yi kuskure, domin dattijon da ke sayarwa ya lura. Ya ce, "Malam, wannan ai ba na ragi ba ne." Na biya ban ja ba.

A gida na ajiye shi a kantar littattafaina kusa da Tauraruwa Mai Wutsiya, ƙagaggen labarin kimiyya na Hausa na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, kuma a ganina ya cancanci zama a sahun gaba. Kantar kuwa na janye ta daga jikin bango tun bara, bayan da gara ta cinye mini littattafai huɗu a damina.