Ranar da ƙwaƙwalwar ɗana ta ba da amsa

Ɗana yana da wata bakwai muka lura ba ya bin fuska da ido. Hajiyarmu ta ce a yi haƙuri, wasu yaran sukan makara, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Likitan ido ya haska, ya duba, ya ce ƙwayar idon lafiya lau take, abin da ya rage a sani shi ne ko saƙo yana isa ƙwaƙwalwa. To, ta yaya za a tambayi jariri abin da yake gani?

Aka manna masa 'yan wayoyi a kai, ɗaya a ƙeya, domin a can baya ne sashen gani yake. Na ɗora shi a cinya muna fuskantar allo mai gida-gida baƙi da fari, kamar saƙar tabarma, gidajen suna musanya launi wajen sau biyu a daƙiƙa. Duk musanya ɗaya, ƙwaƙwalwa tana fitar da ɗan lantarki ƙanƙane ƙwarai, shi ya sa kwamfuta take tara amsoshi masu yawa kafin siffarsu ta fito. A babban mutum mai lafiya, amsar tana zuwa ne bayan kamar kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, ana kiranta P100.

Ina kallo layin ya lanƙwashe. Ma'aikaciyar ta ce, "Maman yaro, saƙo yana isa." Hamdala kawai nake yi, hawaye na zuba.

Tun daga nan na shiga karance-karance. A 1972 Halliday da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa kumburin jijiyar gani yana jinkirta wannan amsa, kuma jinkirin yakan daɗe ko da ganin ya dawo. A 1996 Shlomo Bentin da nasa abokan suka bayyana wata amsar, N170, wadda ta fi ƙarfi idan fuskar mutum aka gani.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken Jami'ar Binghamton ta Amurka a 2016. Su Sarah Laszlo sun nuna wa mutum 50 hotuna 500, har da na abinci da jirgin ruwa da kalmomi, suka tarar amsar kowa daban take, har kwamfuta ta tantance kowanne ba kuskure. Wato amsar ƙwaƙwalwa tana iya zama shaidar mutum kamar zanen yatsa. Nan take na tuna kakata. Aikin hannu ya goge mata zanen yatsu, mun yi ta kai-komo a wani ofis na'ura tana ƙin karɓar babban yatsanta. Mutum 50 dai ba yawa ba ne, kuma sai an sa hular wayoyi an zauna shiru, saboda haka da sauran tafiya.

Duk da haka ina da damuwa. Akwai amsar P300, da Samuel Sutton ya gano a 1965, wadda wasu suke gwadawa don sanin ko wanda ake tuhuma ya gane wani hoto. Gane abu ai ba shi ne aikata laifi ba, kuma ƙwaƙwalwa ba ta neman izinin mai ita kafin ta amsa. Abin da ya taimaki ɗana ke nan, shi ne kuma yake ba ni tsoro a ɗakin tuhuma.

Yanzu shekararsa 3, daga bakin ƙofa yake hango babansa. Takardar mai lanƙwasasshen layin nan tana cikin akwatina, tare da katin rigakafinsa.