Yadda ake sa wa karatun malamai suna don mai nema ya same shi

Duk Ramadan ana ɗaukar tafsiri a masallatan Kano, Zariya, Sakkwato, Damagaram da Maraɗi, a ɗora a YouTube, a watsa a WhatsApp da Telegram. Bayan sallah da wata biyu, wani zai so ya sake jin bayanin da malam ya yi a kan ayoyin gado, ya shiga nema, sai ya tarar da jerin "Tafsir Day 7", "Tafsir Day 8", har talatin. Karatun yana nan lafiya lau, amma sai ya buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowanne awa ɗaya da rabi, yana ƙona data. Yawanci a na uku yake haƙura.

"Rana ta bakwai" tana da amfani ne kawai ga wanda ke bin karatun a cikin watan. Malamai da yawa suna ci gaba ne daga inda aka tsaya bara, don haka kowace shekara tana da tata rana ta bakwai, kuma ayoyinsu daban. Mai nema kuwa abin da ke kansa shi yake rubutawa: sunan sura, ko mas'alar, ko sunan malamin. In ɗaya daga cikin ukun nan babu shi a take, bincike ba zai fito da karatun ba, tunda akwatin nema na waya ba ya sauraren sautin da ke cikin karatun.

Tsarin da ke aiki shi ne a fara da abin da ya bambanta wannan karatun da na jiya. Sura da ayoyi a gaba, sai mas'ala a kalma biyu ko uku, sai malami, sai shekara. Misali: "Nisa'i 11-14: Rabon gado | Malam Wane | Ramadan 1446". Ko kuma "Baƙara 183-187: Hukuncin azumi". Dalilin wannan jeri na fili ne. YouTube yana karɓar take har harafi 100, amma a sakamakon nema na Google abin da ke bayyana bai cika wuce harafi 60 ba, a allon ƙaramar waya ma ƙasa da haka, sauran sai ɗigo uku. Abin da ka ajiye a ƙarshe shi ake yankewa.

A nan ne masu ɗorawa suka fi shiga matsala, kuma da kyakkyawar niyya. Ɗalibi yana jin kunyar rubuta sunan malaminsa tsirara, sai ya jero Fadilatus Shaikh, Alaramma, Dakta, cikakken suna har da na kaka, ya rufe da Hafizahullah. Kafin a kai ga sura an cinye harafi hamsin, kuma bidiyo talatin duk sun fara iri ɗaya, ba mai bambance su da ido. Girmamawa tana da wurinta: akwatin bayani da ke ƙarƙashin bidiyo yana ɗaukar harafi 5,000, a zuba duk laƙabin a can, har da sunan masallaci da na alaramma mai jan baƙi. A take, sunan da jama'a ke kiran malamin da shi ya isa, kuma a tsaya a kan rubutu ɗaya. In yau an rubuta Abubakar, gobe Abubakr, jibi Habu, an raba karatun mutum ɗaya gida uku.

Shekara kuma a sa ta Hijira. Ramadan yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, har a 2030 zai faɗo sau biyu, a Janairu da Disamba. 1446 kuwa Ramadan ɗaya gare ta, wanda ya zo a Maris 2025.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya. Na'ura tana ɗaukar ƙ da k a matsayin haruffa biyu daban, haka ɗ da d, ɓ da b, kuma mafi yawan masu nema ba sa saka ƙugiya. Wani zai rubuta Bakara, wani Baqara, wani Baqarah. Ga kuma bambancin rubutu tsakanin ƙasashe: a Nijar ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Shawarata, a rubuta take da ingantacciyar Hausa, sannan a layin farko na bayani a jero sauran rubuce-rubucen sunan surar tare da lambarta. Lamba ba ta da gardama. Baƙara ta biyu ce ko ta yaya aka rubuta ta.

Sunan fayil wani aiki ne na daban, don shi ne ke tafiya ta Xender da Bluetooth da memori zuwa wayar da ba ta shiga intanet. In aka tura sauti kai tsaye ta WhatsApp, a wayar Android yakan sauka da suna irin AUD-20250307-WA0012, wanda ba ya faɗin komai sai ranar. A tura shi a matsayin dokumen, sai sunan da ka ba shi ya bi shi. Sunan kuma ya zama kamar haka: 004_Nisai_011-014_Gado_MalamWane_1446.mp3. Sifilin da ke gaba yana da dalili. Na'urori da yawa, musamman rediyon mota da ƙananan sifika masu cin memori, suna jera suna harafi bayan harafi, sai 10 da 11 su riga 2. Tunda surori 114 ne, lamba uku ake bukata: 002, 018, 114. A sunan fayil a guji ƙugiya da alamar hamza, domin tsofaffin na'urori kan nuna akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. Windows kuma ba ya yarda da alamomin : / \ ? * " < > | a sunan fayil ko kaɗan.

Akwai kuma bayanan da ke cikin jikin MP3 ɗin, wato take, mawaƙi, kundi da lambar jeri. Manhaja irin Mp3tag tana cika su ga fayil talatin a zama ɗaya. A gurbin mawaƙi a sa sunan malami, a gurbin kundi a sa "Tafsiri 1446". Ko wani ya canza sunan fayil, waɗannan suna nan, kuma su ne manhajar sauraro ke nunawa.

Karatun littafi ya fi sauƙi: sunan littafi, lambar darasi, babi. "Risala 023: Taimama". Zaman amsa tambayoyi ne mai wuya, don mas'ala goma sha biyar ba za su shiga take ɗaya ba. A ɗauki biyu da suka fi tsawo a sa a take, sauran a jera su a bayani da lokacinsu. In jerin ya fara da 0:00, ya kai aƙalla guda uku, kowanne bai gaza daƙiƙa goma ba, YouTube zai raba bidiyon kashi-kashi da kansa, mai neman hukuncin allura da azumi ya tsallaka kai tsaye zuwa minti na 42.

Take irin "Innalillahi! Ku ji abin da malam ya faɗa" yana jawo dannawa a ranar farko, shi ya sa ake yawan yin sa. Bayan mako ɗaya babu kalma ko ɗaya a cikinsa da wani zai rubuta a wurin nema, kuma sau da yawa yana jingina wa malamin zafin da bai yi ba. Tsofaffin bidiyoyin da aka riga aka ɗora da irin wannan take ana iya gyara su a YouTube Studio ba tare da adireshinsu ko yawan kallonsu ya canza ba. A fara da na bara, a saurari minti biyun farko na kowanne, inda mai jan baƙi ya fara nan ne ayar da za a rubuta.