Rigar sanyin da aka hana dattijo ya saya

A gidanmu an tarbiyyantar da mu a kan ba a mayar da hannun kyauta baya. Da wannan tarbiyya na kama aikin wucin gadi a ofishin kula da bin ƙa'ida na sashen wasanni a wata jami'ar Amurka, a ƙarshen 2019, ina tsakiyar digiri na biyu.

Ban yi wata guda ba wani dattijo ya bugo waya. Tsohon ɗalibi ne, shekara da shekaru yana zuba kuɗi a asusun wasannin makarantar. Ya ce ya ga wani yaro ɗan ƙwallon kwando, sabon zuwa daga Afirka, yana karkarwa a bakin titi da 'yar riga shara-shara, yana so ya saya masa rigar sanyi. Na fara yi masa godiya ke nan shugabata ta karɓi wayar, ta ba shi haƙuri, ta ce ba zai yiwu ba. Abin ya sosa min rai ƙwarai, don ni ma na san yadda sanyin farko yake ratsa ƙashin baƙo.

Da yamma ta zaunar da ni. A dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar tun 1906, duk wanda ya taɓa tallafa wa sashen wasanni da kuɗi ya zama wakilin makarantar har abada. In ya ba ɗan wasa abin da sauran ɗalibai ba sa samu, laifi ne. Ta tambaye ni: in abin ya fito, wa za a dakatar? Yaron. Shi zai zauna a benci, shi zai nemo kuɗin rigar ya biya kafin a maido shi fili. Dattijon kuwa iyakarsa a ce ya nisanci ƙungiyar.

Sai ta ce in je in karanta abin da ya sami jami'ar Southern Methodist (SMU) ta Dallas. Can masu hannu da shuni suka riƙa biyan 'yan wasan jami'ar na ƙwallon ƙafa irin na Amurka a asirce, aka kama su, aka gargaɗe su, suka ci gaba. A 1987 NCAA ta soke musu kakar wasa baki ɗaya, su da kansu suka haƙura da ta 1988 saboda 'yan wasan sun watse. Abin da ya fi tsaya min shi ne Bill Clements, wanda ya shugabanci majalisar gudanarwar jami'ar kuma ya yi gwamnan Texas, ya fito ya amsa cewa da saninsu aka ci gaba da biyan. Wato ɓarnar daga kan teburin manya ta gangaro. Ofishi irin namu ba shi da wani ƙarfi sai wanda shugabanni suka ba shi.

Kashegari na ga haka da idona. Masu tara kuɗi, da ofishinsu ke saman namu, suka sauko ransu a ɓace, don suna dab da samun alkawarin gudummawa mai tsoka daga dattijon. Ban ga laifinsu ba, da guminsu ake gyara filaye, ake biya wa yara kuɗin makaranta. Amma daraktan wasanni ya tsaya bayan shugabata a gaban kowa, kuma shi da kansa ya kira dattijon ya yi masa bayani. Rigar kuwa ta samu cikin kwanaki kaɗan, daga asusun tallafin ɗalibai da NCAA ke rabawa don irin wannan lalura. Ni na cike takardar. Yaron ya sa rigarsa ba ya jin nauyin kowa.

Wannan bai sa na yarda tsohuwar dokar adalci ce ba. Koci yana ɗibar miliyoyi, gidajen talabijin suna cin kasuwa da gumin yaro, shi kuwa a ƙirga masa farantin abinci. Na yi murna da hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Alston a Yunin 2021, wanda ya hana NCAA taƙaita tallafin karatu da jami'o'i ke ba 'yan wasa, da damar da aka ba 'yan wasa daga 1 ga Yulin shekarar su yi talla da sunansu. A 2025 aka amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan biyansu: diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga 'yan wasan, kuma kowace jami'ar da ta shiga tsarin ta iya raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Sai dai har yanzu ina tuna masu bizar karatu ta F-1, irin wancan yaron. Bizarsu ta taƙaita musu yin aiki a cikin Amurka, don haka tallan da abokin wasansu zai yi hankali kwance, su yana iya jawo musu rasa izinin zama. Duk ƙanen da ya tuntuɓe ni yana shirin tafiya wasa can, abin da nake fara faɗa masa shi ne ranar da ya sauka ya nemi ofishin bin ƙa'ida da na ɗaliban ƙasashen waje, kuma kada ya sa hannu a kowace takarda, kada ya karɓi ko takalmi, sai ya nuna musu.