Aikin majuyin kyamara: abin da muke yi da dare a Gusau

Shagonmu na Gusau sola muke haɗawa, mu ɗaure moto, mu gyara famfon rijiyar burtsatse. Da wannan muke biyan yara da kuɗin haya. Amma akwai wani aiki da muke riƙe wa wata makarantar gaba da sakandare, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma shi na fi ƙauna: kula da majuyin kyamara, wato zoben da ke juya ta, a jikin madubin hangen taurari.

Madubin nasu irin wanda ke ɗaga kai sama da ƙasa ne, ya kuma waiga dama da hagu. Irin wannan gindi da madubi ke zama a kai ya fi sauƙin ƙerawa, ya fi ɗaukar nauyi, shi ya sa manyan madubai na duniya suka koma gare shi tun daga na Rasha mai faɗin mita 6 a shekarun 1970, zuwa Keck na Hawai mai mita 10, da VLT na ƙasar Cile mai mita 8.2. Sai dai yana da larura guda. Idan yana bin tauraro, tauraron zai tsaya a tsakiya, amma sauran da ke kewaye da shi sai su riƙa kewayawa a hankali. Duk wanda ya lura da Kaza da 'Ya'yanta lokacin fitowarta a gabas, ya sake dubanta sa'ad da za ta faɗi a yamma, ya ga yadda ta kife. Bar kyamara a buɗe na wasu mintuna ba tare da gyara ba, taurarin gefe duk sun zama zane-zane. Majuyi shi ne zoben da ke juya kyamarar daidai da juyawar sama don hoton ya tsaya cak.

Abin da ke ba yarana mamaki shi ne gudun ba ɗaya ba ne. Duniya tana juya digiri 15 a sa'a, amma majuyi ba ya bin wannan kai tsaye. Gudunsa ya dogara da inda garinku yake, da tsayin tauraron a sama, da kuma wajen da yake. Idan tauraro yana gabas sak ko yamma sak, majuyi kusan tsayawa yake yi. Idan yana arewa ko kudu, sai ya ɗauki gudu. Mu nan muna kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, don haka kusan cikakken juyin muke samu, fiye da mutanen Turai. Tauraron da ke kudu a tsayin digiri 60 yana buƙatar majuyi ya juya kusan digiri 29 a sa'a. Idan tauraron ya kai tsayin digiri 80, gudun majuyi ya haura digiri 80 a sa'a. Wanda kuwa ya bi ta tsakar ka, kamar tauraron Regulus da ke ratsa saman Gusau, babu moton da zai cim masa. Nan sai a dakata, a bar shi ya gota.

Tafiya a hankali ita ce wahalar. Kowane moto zai iya gudu, amma rarrafe ba tare da fizga ba sai an sha aiki. Idan akwai wasa tsakanin haƙoran giya, duk lokacin da majuyi ya sauya hannu sai hoton ya yi tsalle. Shi ya sa muke ɗaure giyar da sifirin, mu sa gires kaɗan. Na ce kaɗan, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da gires mai yawa ta zama abin goge ƙarfe, ta cinye boris kafin bazara.

Sai wayoyi. Kyamara tana da wayar wuta da ta kwamfuta, kuma tana juyawa da su. Majuyi yana da iyakar da ba zai wuce ba, da makunni a kowane gefe da zai yanke wuta. Kafin a fara ɗaukar hoto mai tsawo, dole a lissafa inda zai ƙare, a mayar da shi baya tun farko, in ba haka ba ya kai bango a tsakiyar aiki. Wani dare ƙaramin yarona ya tambaye ni, "Maigida, me zai hana mu cire makunnin ya yi ta juyawa?" Na miƙa masa wayar na ce ya murɗa ta da hannunsa sau goma, ya ga abin da zai faru da bakinta.

Wuta ma abin lura ce. Idan ta ɗauke, ma'aunin kusurwa na irin wannan ƙaramin majuyi, wato abin da ke auna iya juyin da ya yi, yakan manta inda yake, sai an koma da shi mafarinsa an sake saiti da taurari biyu. Don haka muka ware masa batir da inbata nasa shi kaɗai.

Daga Nuwamba, bayan damina ta ɗauke kuma kafin hazo ya yi kauri, shi ne lokacin da malaman suka fi kiranmu. Yanzu haka muna jiran sabon bel da muka yi oda ta Kano, kuma ina son Allah ya kawo shi kafin watan ya kama.