Mujalla mai fuska biyu: wanne ne sunanta a katalog?

Duk wanda ya taɓa aikin katalog a laburare a nan Saudiyya ya san wannan ciwon kan, za a miƙo maka mujalla ka buɗe ta dama ka ga suna da Larabci, ka juya ta hagu ka ga wani bangon daban da Turanci, kowanne da shafin farkonsa. To wanne za ka sa a fili na 245, wato gurbin da ake rubuta babban suna a rekod ɗin katalog?

Ƙa'idar dai ba ta da wuya. Tun AACR2 ta 1978 har RDA da ta fito a 2010, wato kundayen ƙa'idojin katalog, magana ɗaya ce, ka duba harshen da ya fi yawa a cikin mujallar, sunan da ke wannan harshen shi ne babban suna. In sun yi kunnen doki sai ka bi wanda aka fara sawa ko aka fi girmama rubutunsa. Ɗayan kuma ya biyo bayan alamar = sannan ka maimaita shi a 246, filin sauran sunaye, don mai nema ya same shi. Kuma in bana sun sa Turanci a sama baɗi su mayar da Larabci, ba sai ka buɗe sabon rekod ba muddin sunan da ka zaɓa yana nan.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu fassara sunan mujalla da kansu. Wallahi ba aikinka ba ne, abin da ka gani shi za ka kwafa ko da Turancin bangon bai yi maka daɗi ba. Rashin sa 246 ma matsala ce, na ga ɗalibi ɗan Zariya a Madina ya zo da sunan mujalla a ƴar takarda yadda malaminsa ya rubuta masa da Turanci, ya buga a kwamfuta babu, ya sake babu, alhali mujallar na kan kantar littattafai taku kaɗan daga inda yake tsaye, an dai shigar da Larabcin kawai ba a sa 246 ba. Ga shi kusan kowace da “majalla” take farawa, ta ina zai laluba?

Namu na Hausa ma haka, in bango ya zo da ƙ ko ɗ a bar su da lanƙwasarsu a 245, sai a ƙara wanda ba lanƙwasa a 246, tunda yawancin yaranmu a waya suke bugawa kuma ba kowane kibod ke da su ba.